Siyasa a Gidan Rediyo, Rikicin Haɗaka da Gyaran Tsarin Zaɓe: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Jihar Katsina

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a bakin wakilan jam'iyya, ma'aikatan gidajen rediyo da masu jefa ƙuri'a, daga majalisun hira na cikin birnin Katsina har zuwa Daura da Funtuwa. Duk inda aka ambaci sashe na Dokar Zaɓe, ana nufin dokar 2022 wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Majalisar Tarayya takan taɓa dokar kafin babban zaɓe, lambar sashe da yawan tara kan sauya, saboda haka mai shirin kai ƙara ya riƙe sabon kwafi a hannunsa.

Duk maganar siyasa da ake ji a rediyo talla ce?

A'a, iri uku ce, kuma ka'idarsu ba ɗaya ba. Akwai gajeriyar talla, wadda yawanci waƙa ce da kirari da tambarin jam'iyya. Akwai fili da ake saye, na minti 15 ko 30 ko awa guda, inda ɗan takara ko magoya bayansa suke baje hajarsu. Sai kuma labarai da hirarrakin da gidan rediyon yake shiryawa da kansa. Na farko da na biyu dole a faɗa wa mai sauraro cewa biya aka yi, da kuma wanda ya ɗauki nauyi. Na uku bai kamata a saye shi ba ko kaɗan. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka karɓi kuɗi aka saka maganar jam'iyya cikin labaran ƙarfe bakwai, mai sauraro a Mashi ko Ɗanmusa ya ɗauka bincike ne na ɗan jarida.

Yaushe aka yarda a fara, yaushe kuma ake rufewa?

Sashe na 94 ya ce yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a yana farawa kwana 150 kafin ranar zaɓe, ya ƙare saura awa 24. A zaɓen shugaban ƙasa na Asabar 25 ga Fabrairun 2023, an buɗe fage ranar 28 ga Satumban 2022, aka rufe da tsakar daren Alhamis. Sashe na 96 ya haramta watsa duk wani abu na tallata ɗan takara ko kushe shi a ranar jajiberi da ranar zaɓe, kuma hukuncin yana hawa kan kamfani da kuma mutumin da ya saki maganar.

Gidajen rediyo ba kasafai suke karya wannan da gangan ba. Abin da yake kama su shi ne maimaicin shirin da aka naɗa tun ranar Laraba, ko waƙar ɗan takara da ta rage cikin jerin waƙoƙin kwamfuta, ko mai bugo waya da ya kammala gaisuwa ya ce a dangwala wa wane. Maganinsa a fitar da duk kayan siyasa daga kwamfutar ɗakin watsa shiri tun daren Alhamis, a kuma rufe layin waya a shirye-shiryen Juma'a idan babu na'urar jinkirta murya.

Gidan rediyo ko talabijin na gwamnati yana da ikon hana 'yan adawa fili?

Ba shi da shi. Sashe na 95 ya hana amfani da kayan gwamnati, har da kafafen yaɗa labarai, don fifita wata jam'iyya ko danne wata. Ya ce a ba kowa lokaci daidai, a sa'o'i masu kama da juna, muddin ya biya kuɗin da aka yanka. A dokar 2022 tarar farko naira miliyan 2 ce, ta gaba miliyan 5, shugabannin gidan kuma suna iya fuskantar tara ko ɗaurin wata shida. Wannan ya shafi Rediyon Jihar Katsina da KTTV kamar yadda ya shafi NTA da Companion FM na tarayya.

Sai dai akwai ƙofofi biyu da dokar ta bari a buɗe. Ta farko ita ce sharaɗin biya: daidaito tsakanin mai iya sayen awa goma da wanda bai iya sayen minti goma ba daidaito ne na takarda. Ta biyu, mai riƙe da mulki yana buɗe asibiti, yana raba taki, ana sa shi a labarai kullum a matsayin aikin gwamnati, ba a lissafa masa cikin kason jam'iyyarsa.

Jam'iyyar da take zargin za a hana ta kada ta tafi da baki kawai. Ta rubuta takardar neman fili da rana da lokaci, ta sa a buga mata hatimin karɓa a kwafinta, ta nemi takardar farashi, ta biya ta banki, ta ajiye rasit. Idan aka ƙi sakawa ko aka tura shirin can ƙarfe sha ɗayan dare, ta sa mutum ya riƙa rubuta lokacin da aka saka na abokan hamayya. Da waɗannan takardu ake zuwa hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin na ƙasa, ko kotu. Yawancin koke-koke suna mutuwa ne saboda babu abin nunawa sai cewa an ce mana babu fili.

Idan sojojin baka suka ci mutuncin mutum, wa za a kama?

Mai maganar da gidan da ya watsa, dukansu. Faɗin cewa ra'ayin mai magana ne ba na gidan rediyo ba, ba ya wanke gidan daga ƙarar ɓata suna. Sashe na 92 ya hana zagi da habaicin da zai iya tayar da fitina, ya kuma hana kamfen a masallaci, coci, ofishin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati. Sashe na 97 ya hana neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila ko ɓangaranci. Wanda aka taɓa yana da haƙƙin mayar da martani a fili mai kama da wanda aka taɓa shi a ciki, kuma ya nemi hakan a rubuce tun maganar tana da ɗumi.

A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tarar gidajen watsa labarai, a ƙarar da ta taso daga tarar naira dubu 500 da hukumar ta ɗora wa tashoshi 45 a 2019. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin an saki linzami. Ba haka ba ne, ƙofar kotu a buɗe take ga wanda aka ɓata. Shi ya sa gidajen da suka san aikinsu suke naɗar irin wannan shiri tukuna, edita ya saurara ya yanke, sannan a saka.

Akwai inda ake ba jam'iyyu fili kyauta?

Akwai. A Birtaniya an haramta sayen tallar siyasa a rediyo da talabijin gaba ɗaya. A madadin haka ana ba jam'iyyu 'yan mintoci kyauta, ƙasa da biyar a kowane karo, kuma ƙaramar jam'iyya tana shiga rabon idan ta tsayar da 'yan takara a kashi ɗaya cikin shida na kujerun. A ganinmu wannan shi ne gyaran da ya fi sauƙin kwaikwayo a nan, domin ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki. Gidan rediyon jiha da kuɗin talakawan jiha ake tafiyar da shi, ba abin da zai hana a ware minti biyar kowane dare ga kowane ɗan takarar gwamna bi da bi.

Mene ne bambancin maja da ƙawance da haɗaka?

Maja ita ce jam'iyyu su rushe kansu su koma ɗaya, da sabon suna da sabon tambari. Haka ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka yi, INEC ta yi wa APC rajista ranar 31 ga Yulin 2013. Sashe na 81 ya ce a sanar da INEC wata tara kafin babban zaɓe, tare da ƙudurin babban taron kowace jam'iyya. Ƙawance shi ne kowa ya riƙe jam'iyyarsa amma a mara wa ɗan takara ɗaya baya, kamar yadda AD da APP suka yi a 1999 da Olu Falae da Umaru Shinkafi. Hanya ta uku, wato haɗaka, ita ce manyan 'yan siyasa su taru su shiga wata jam'iyya mai rajista, kamar yadda 'yan adawa suka ɗauki ADC a Yulin 2025 da David Mark a matsayin shugaban riƙo.

Abin lura, takardar ƙuri'a ba ta san ƙawance ba. Tambarin jam'iyya ɗaya ake dangwalawa, kuma ba a haɗa ƙuri'un jam'iyyu biyu bayan an jefa.

Me ya sa haɗaka ba ta daɗewa ba a fara zaman doya da manja ba?

Saboda abin da ya haɗa su yana ƙarewa ranar da aka ci zaɓe ko aka faɗi. An haɗu don a kayar da wani, ba a zauna an rubuta wa zai samu me ba. Yarjejeniyar NPN da NPP ta 1979 ta watse a 1981. APC ta ci zaɓe a Maris 2015, kafin tsakiyar Yuni Bukola Saraki da Yakubu Dogara sun karɓi shugabancin majalisar dattawa da ta wakilai ba da son uwar jam'iyya ba. Zuwa 2018 Saraki da Tambuwal da Kwankwaso duk sun fice. Su ne waɗanda suka shigo daga PDP, kuma kukansu bai sauya ba: mun kawo ƙuri'a, an raba nama ba mu.

A matakin jiha rikicin ya fi zafi a kan shugabancin jam'iyya. Wanda ya riƙe shugabannin mazaɓu 361 na Jihar Katsina shi ke da daliget, wanda ke da daliget shi ke da tikiti. Idan babban ɗan siyasa ya shigo ƙaramar jam'iyya da jama'arsa, 'yan asalin da suka yi shekaru suna biyan kuɗin hayar ofis sai su ga kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Daga nan sai shugabanni biyu, ofis biyu, kowa da sojojin bakinsa a rediyo, sai kotu.

Abubuwa huɗu ne ya kamata a rubuta a sa hannu tun kafin a kira 'yan jarida: kason kowane ɓangare a shugabanci daga mazaɓa zuwa jiha, hanyar fidda ɗan takara, wa zai riƙe rajistar mambobi, da kwamitin da zai sasanta idan an saɓa. Irin wannan takarda da wuya kotu ta tilasta aiki da ita, domin kotuna suna kallon yawancinta a matsayin harkar cikin gida ta jam'iyya. Amfaninta shi ne wanda ya karya alkawari ba shi da bakin musu gaban jama'a.

Katsina ta taɓa ɗanɗana irin wannan rikici?

Sau biyu da ba a mantawa. A 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma NPN ce da rinjaye a majalisa. An kasa daidaitawa, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta tsige shi a Yunin 1981.

Na biyu rikicin CPC ne na 2011. Jam'iyyar da ta fi kowa farin jini a jihar ta fito da jerin 'yan takara biyu daga zaɓukan fidda gwani biyu, ɓangaren Aminu Bello Masari da na Yakubu Lado Ɗanmarke. PDP ta riƙe kujerar gwamna. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Disambar 2011, INEC ta karɓe takardun shaida daga sanatoci 2 da 'yan majalisar wakilai 8 ta ba wasu, shari'ar kuma ta ci gaba da jan ƙafa na shekaru. Dokar 2022 ta ɗan toshe wannan rami: a sanar da INEC kwana 21 kafin zaɓen fidda gwani, a miƙa mata rajistar mambobi kwana 30 kafin ranar, idan kuma maslaha za a yi, sai kowane mai neman takara da aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye. Mutum ɗaya ya ƙi, maslaha ta rushe, sai a koma daliget ko 'yar tinƙe.

Wanda ya sauya sheƙa zuwa haɗaka zai rasa kujerarsa?

Ɗan majalisa, i, bisa sashe na 68 da na 109 na tsarin mulkin 1999, sai dai idan jam'iyyarsa ta dare gida biyu ko ta shiga maja. Kotun Ƙoli ta fassara darewar da cewa ta uwar jam'iyya ce ta ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba. A aikace shugaban majalisa ne yake bayyana kujera a matsayin wofi, kuma ba ya yi idan gidansa aka shigo. Gwamna da shugaban ƙasa babu sashen da ya kore su don sauya jam'iyya.

Ta yaya ake sanin wanda ya ci gwamna ko shugaban ƙasa?

Sharaɗi biyu ne. Ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na yankunan, wato jihohi ga shugaban ƙasa, ƙananan hukumomi ga gwamna. A Katsina mai ƙananan hukumomi 34, wannan yana nufin 23. Ba a buƙatar rabin ƙuri'u. Bola Tinubu ya ci a 2023 da miliyan 8.79, wajen kashi 37 cikin ɗari, alhali Atiku Abubakar da Peter Obi da Rabi'u Kwankwaso a haɗe sun haura miliyan 14. A nan Katsina Atiku ya samu 489,045, Tinubu 482,283. Wannan lissafi shi ke tilasta wa 'yan adawa haɗaka tun kafin zaɓe, ko da ba sa ga maciji da juna, kuma daga nan rikicin da aka yi bayani a sama yake samo tushe.

Idan babu wanda ya cika sharaɗi, ana zagaye na biyu cikin kwana 21. Abokin karawar na ɗaya ba lallai ne na biyu a yawan ƙuri'a ba, shi ne wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin sauran, ko ƙananan hukumomi idan zaɓen gwamna ne.

Mene ne rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, kuma zai amfane mu?

Yanzu kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi da ƙuri'a ɗaya ya ɗauke duka. Katsina tana da sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 15, 'yan majalisar jiha 34, duk ta wannan hanya. A ɗaya tsarin, ana duba kason da jam'iyya ta samu a jiha baki ɗaya a ba ta kujeru daidai da shi. A zaɓen gwamna na 2023 Dikko Umaru Radda ya samu 859,892, Yakubu Lado 486,620. Da da irin wannan kaso za a raba kujeru 34, mai sama da kashi ɗaya cikin uku zai tashi da kimanin 12. A tsarin yanzu jam'iyya tana iya samun wannan kason a kowace ƙaramar hukuma ta tashi ba ko ɗaya.

Amma ba magani ba ne marar ɗaci. Jam'iyya ce take jera sunaye, don haka ɗauki-ɗora yana ƙara ƙarfi, kuma mutumin Baure ba lallai ya san wane ne wakilinsa ba. Sannan haɗaka ba ta ɓacewa, komawa take bayan zaɓe. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda Maraɗi ke nan kusa da Jibiya, sun gwada. Ƙawancen AFC ya kawo Mahamman Usman a 1993, Mahamadu Isufu ya ajiye firaminista a Satumban 1994, aka sake zaɓen majalisa, shugaban ƙasa ya zauna da Hama Amadu na adawa suna jan igiya, har soja suka karɓe a Janairun 1996. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne gauraye: a bar mazaɓu yadda suke, a ƙara wasu kujeru da za a raba bisa kaso. Duba amsa kan kwamitin Uwais.

Ana maganar zaɓen jera gwanaye. Yaya yake?

Mai zaɓe yana sa 1 ga wanda ya fi so, 2 ga mai bi masa, haka har ƙasa. Idan babu mai rabi, a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa bisa zaɓi na biyu, har wani ya haura rabi. Birtaniya ta yi ƙuri'ar raba gardama a kansa ranar 5 ga Mayun 2011, kusan kashi 68 cikin ɗari suka ƙi. Sharaɗi ne da jam'iyyar Nick Clegg ta gindaya kafin ta shiga gwamnatin David Cameron, sai ga abokan mulkin suna yaƙar juna a kansa. A nan matsalarsa ta rumfar zaɓe ce: da babban yatsa muke dangwalawa, jera lambobi zai ninka lalatattun ƙuri'u, ƙidayar kuma ba za ta kammala a rumfa gaban jama'a ba.

Me kwamitin Uwais ya ce, kuma ina aka kwana?

Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya faɗa da bakinsa ranar rantsar da shi a 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, majalisar alƙalai ta ƙasa ta tantance masu nema. Ya ce a kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe, a yarda da ɗan takara mai zaman kansa, a gama shari'ar zaɓe kafin rantsarwa, a ɗora wa INEC nauyin tabbatar da cewa zaɓe ya inganta, a kuma ƙara kujerun rabon kaso. Har aka yi zaɓen 2023 shugaban ƙasa ne yake naɗa shugaban INEC, babu takarar kai da kai, kuma mai ƙara ne yake ɗauke da nauyin hujja.

BVAS da IReV ba su wadatar ba?

BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta yi aiki a wuri ɗaya babba: sashe na 51 ya mayar da ma'aunin aringizo adadin waɗanda na'ura ta tantance, ba adadin masu rajista ba. Rumfar da ƙuri'u suka fi tantancewa yawa, sokewa ake yi. IReV kuwa, shafin intanet da INEC take ɗora sakamakon rumfuna, Kotun Ƙoli ta ce a Oktoban 2023 wurin duba sakamako ne, ba wurin tattarawa ba. Saboda haka takardar EC8A, wadda ake rubuta sakamakon rumfa a kanta, ita ce uwa. Ejan ya duba lambar tantancewa a fuskar na'ura kafin a fara ƙirga, ya tabbata an rubuta alƙaluma da lamba da kuma kalmomi, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonta, ya bi akwati har cibiyar tattarawa ta mazaɓa. A tsakanin rumfa da wannan cibiya ne alƙaluma suka fi sauya kama, kuma ejan da ba a ba shi kuɗin abinci da na mashin ba tun la'asar yake tafiya gida.

Wa ke da ikon gyara, kuma ta ina mutumin Katsina zai sa baki?

Ya danganta da inda dokar take zaune. Lokacin kamfen, rabon fili a rediyo, tura sakamako ta intanet da ka'idar fidda gwani suna cikin Dokar Zaɓe, Majalisar Tarayya da sa hannun shugaban ƙasa sun isa. Sharaɗin kashi 25, naɗin shugaban INEC, takarar kai da kai, rabon kujeru da makomar hukumomin zaɓe na jiha suna cikin tsarin mulki. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ke nan 'yan majalisar jiha 34 da ke zama a Katsina suna da ƙuri'a a wannan magana, kuma su ne mafi kusa da hannu.

Kwamitocin gyaran tsarin mulki suna zaman jin bahasi shiyya-shiyya, suna karɓar takarda daga ƙungiya ko mutum ɗaya. Takardar da ake karantawa gajeriya ce, shafi biyu ko uku: lambar sashen, yadda yake a yanzu, kalmomin da ake so a musanya da su, dalili ɗaya ko biyu daga abin da ya faru a ƙasa, sai sa hannun shugabannin ƙungiya. A kai kwafi ofishin mazaɓa na sanata da ɗan majalisar wakilai da na jiha, a sa a buga hatimin karɓa a kan wanda za a dawo da shi.